Kare ɗaya, shekara biyu, kyauta: yadda Canine Companions ke horar da karnuka domin masu buƙata ta musamman a Amurka

Mutumin da ke kan keken guragu, wanda hannuwansa ba su da ƙarfin kirki, idan makullin ɗakinsa ya suɓuce ya faɗi ƙasa, to tafiya ta tsaya ke nan. Ga makulli yana kallo, bai fi taku ɗaya tsakaninsu ba, amma sai ya jira wani ya gifto, ya kira shi, ya roƙa, ya yi godiya. Anjima waya ta faɗi, a sake roƙo. Dare ya yi yana kwance, makunnin wuta na can jikin bango. Ba manyan abubuwa ba ne, sai dai idan suka taru sau ashirin ko talatin a yini, su ne ke sa baligi mai hankalinsa da iliminsa ya kasa zama shi kaɗai ko da na rabin yini ne.

Wannan ƙaramar buƙata ce ta haifi ƙungiyar Canine Companions for Independence, wadda a 'yan shekarun nan ta taƙaita sunanta zuwa Canine Companions. Ƙungiya ce ta agaji, ba ta neman riba, tana kiwon karnuka, ta horar da su, ta ba masu lalura kyauta. Daga 1975 zuwa yau ta haɗa karnuka fiye da 7,000 da masu buƙatarsu. Abin da jama'a suka fi gani shi ne kare yana buɗe firji ko yana miƙa katin banki ga mai kanti, sai a yi ta mamaki. Amma koya wa kare ɗauko abu ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne samun karen da mutum zai dogara da shi shekara takwas ko goma, a kasuwa, a asibiti, a cikin jirgin sama, ba tare da ya taɓa ba shi kunya ko ya jefa shi cikin haɗari ba. Duk tsarin ƙungiyar a kan wannan aka gina shi, har da ɓangarorinsa masu ɗaci.

Yadda abin ya faro

Karen da ke yi wa makaho jagora ya riga wannan aiki da daɗewa. A 1916 aka buɗe makarantar horar da irin waɗannan karnuka a garin Oldenburg na Jamus, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1929 kuma aka kafa The Seeing Eye a Amurka. Amma har farkon shekarun 1970 ba wanda ya ɗauki kare a matsayin hannu da ƙafar wanda jikinsa ya shanye.

Bonnie Bergin malamar makaranta ce, ba mai horar da karnuka ba. Ta yi koyarwa a ƙasashen waje, ta kuma zaga wasu ƙasashen Asiya, inda ta ga masu naƙasa suna amfani da jakuna: jaki ya ɗauki kayan sana'a, mai shi ya dafa shi yana tafiya, yana neman abincinsa da kansa. Da ta koma Kalifoniya tana karatun koyar da masu buƙata ta musamman, sai wannan abu ya riƙa dawo mata. A Amurka ta wancan lokaci, mai irin wannan lalura yawanci a gidan kula da naƙasassu yake ƙarewa, ko ya zauna gida sai abin da aka yi masa. Ta ce a ranta, in jaki ya iya, me zai hana kare?

Masu horar da karnuka da ta tuntuɓa ba su ba ta ƙwarin gwiwa ba. Horon wancan zamani da ƙarfi ake yin sa, a fizgi igiyar wuya, a daka tsawa, saboda haka a ganinsu wanda ba shi da ƙarfin hannu ba zai iya mallakar kare ba. Bergin ta fara aikin a gidanta a garin Santa Rosa a 1975. Karen farko ruwa biyu ne, Labrador da Golden Retriever, an kuma ba shi ga wata matashiya mai ciwon nan da ke cinye ƙarfin tsoka, wadda a keken lantarki take yini. Tare suka gano irin umarnin da ake buƙata, domin matashiyar ita ta san abin da ke gagararta tun daga wayewar gari har kwanciya. Wannan ya tilasta wani salon horo dabam: tunda ba za a iya tilasta wa karen ba, dole ya kasance yana son aikin, yana jin murya ko da ba ta da ƙarfi. Bergin ta bar ƙungiyar a 1991 ta kafa wata cibiyar koyar da masu horarwa, amma abin da ta dasa ya ci gaba. Yanzu akwai manyan cibiyoyi shida: Santa Rosa da Oceanside a Kalifoniya, Medford a jihar New York, Orlando a Filorida, New Albany a Ohio, da Irving a Texas. Hedkwatar da ke Santa Rosa tana ɗauke da sunan fitaccen mai zanen barkwanci Charles Schulz da matarsa Jean, waɗanda suka daɗe suna tallafa wa aikin.

Wata goma sha takwas a gidan wani

Ƙungiyar ba ta tsintar karnuka, ita ke kiwon abinta. Nau'i biyu take amfani da su, Labrador da Golden Retriever, da kuma haɗin su biyun, saboda suna da son ɗauko abu da baki, ba su da saurin faɗa, kuma girmansu ya isa jan ƙofa mai nauyi. Iyayen karnukan ba a keji suke zaune ba, suna gidajen 'yan sa kai da ke kewayen Santa Rosa. A nan karya ke haihuwa, a nan 'ya'yan ke yin makonninsu na farko. Idan suka kai mako takwas sai a kai su hedkwata, likitan dabbobi ya duba su, a yi musu allurar rigakafi, a sa wa kowanne lamba a cikin kunne, sannan a rarraba su ko'ina a faɗin ƙasar.

A nan ne ɓangaren da ya fi taɓa ni yake. Wanda ya karɓi ɗan kwikwiyon nan ba a biyansa ko sisi. Shi zai sayi abinci, shi zai biya kuɗin likita, shi zai tashi tsakar dare ya fitar da shi bayan gida. Zai riƙa kai shi ajin horo, yana aika wa ƙungiya rahoto duk wata, yana koya masa umarni wajen 30: zauna, kwanta, tsaya nan, shiga ƙarƙashin tebur, kada ka taɓa, har da yin bahaya a lokacin da aka ce ya yi. Zai sa masa 'yar riga ruwan ɗorawa ya shiga da shi kanti, tashar jirgin ƙasa, ofis, wurin cin abinci, don ya saba da hayaniya, da santsin daɓe, da ƙarar keken kaya, da yaran da za su rugo su rungume shi ba sallama. Ana so ya ga nama ya faɗi a gabansa ya kau da kai. Ana so a taka masa wutsiya cikin cunkoso bai yi gurnani ba. Bayan kamar wata 18, lokacin da kare ya zama ɗan gida sosai, sai mutumin ya ɗauke shi da hannunsa ya mayar wa ƙungiya. Kamar 'yar riƙo ce: ka ci wahalarta, ka tarbiyyantar da ita, kana sane tun ranar farko cewa gidan wani za ta. Akwai waɗanda suka yi haka sau goma, wasu fiye, suna mayar da wannan suna karɓo wani.

Cikin masu rainon akwai ɗaliban jami'a, da tsofaffin da suka yi ritaya, da iyalai masu yara. Akwai kuma fursunoni. Ƙungiyar na da yarjejeniya da gidajen yari da dama, na maza da na mata, inda kare ke kwana a ɗaki ɗaya da mai rainonsa, a ƙarshen mako kuma wani ɗan sa kai na waje ya ɗauke shi ya zaga da shi gari don ya ga abin da babu a bayan katanga. Ƙungiyar ta sha faɗin cewa karnukan da aka raina a gidan yari sun ɗan fi sauran samun nasara, kuma dalilin a fili yake: fursuna yana da lokaci, rayuwarsa kuma a kan tsari take, ƙarfe kaza a tashi, ƙarfe kaza a kwanta, abin da kare ya fi so ke nan.

Inda ake tankaɗe

Kare na komawa cibiya, sai a fara da lafiyarsa. A ɗauki hoton ƙugu da gwiwar hannu, a duba ido, a saurari zuciya. Wanda zai riƙa jan keke ko miƙewa a kan ƙafafun baya yana danna makunni, ba zai yiwu ya kasance da raunin gaɓa ba. Wanda ya tsallake wannan sai ya shiga hannun ƙwararru na tsawon wata shida zuwa tara, inda umarnin da ya sani za su haura 40.

Ga yadda ake koya masa buɗe ƙofa. A ɗaura igiya mai kauri a marikin ƙofa. Da farko wasa ne kawai, ya kama igiya a yaba masa. Sannan sai ya ja kafin a yaba. Sannan ya ja da baya har ƙofa ta buɗe, ya kuma riƙe ta har keke ya wuce, kada ya saki ta bugi mai shi. Wannan jan guda ɗaya shi ne zai buɗe firji, ya jawo durowa, ya jawo kwandon wanki, ya zare wa mutum safa daga ƙafa ba tare da haƙori ya taɓa fata ba. Haka ɗauko abu: ana farawa da abu mai taushi, a koma makulli, da cokali mai sanyin ƙarfe wanda karnuka ba sa so a bakinsu, har a kai ga kwabo ko katin banki da ya kwanta shafe a ƙasa. Kuma bai gama ba sai ya ɗora abin a cinya ko a tafin hannu, ya riƙe har a ce ya saki, domin mai hannu marar ƙarfi yakan ɗauki lokaci kafin ya damƙe.

Ba duka ne ke bin layi ɗaya ba. Karen kurma aikinsa sauraro ne: ya ji ƙararrawar ƙofa, ko ƙarar na'urar gargaɗin gobara, ko an kira sunan mai shi, sai ya zo ya zungure shi da hanci, ya kai shi inda sautin yake. Akwai wanda ake ba yaro mai lalura, amma igiya na hannun uwa ko uba, su uku ke aiki tare. Akwai na tsofaffin sojoji da yaƙi ya bar musu firgici, wanda ake koya wa ya janye bargo idan mai shi na mugun mafarki, ya kunna wuta kafin a shiga ɗaki mai duhu, ya tsaya tsakaninsa da jama'a a wurin cunkoso. Akwai kuma wanda ba na mutum ɗaya ba ne, na ma'aikata ne, yana aiki a asibiti ko makaranta ko kotu. A 2004 ofishin masu gabatar da ƙara na gundumar King, inda birnin Seattle yake, ya karɓi wata karya mai suna Ellie daga wannan ƙungiya, tana zama kusa da yara da masu rauni yayin da suke ba da shaida a kan abin da aka yi musu. An ƙalubalanci hakan, aka ce zai sa masu yanke hukunci su tausaya wa mai shaida fiye da kima, amma a 2013 kotun ƙolin jihar Washington ta amince da shi.

To, duk da kiwo na musamman da wata 18 na tarbiyya, kusan rabin karnukan ba sa kammalawa. Wani ƙaiƙayin fata ne ya kayar da shi. Wani ba ya iya ganin kurege ko tsuntsu bai zabura ba. Wani yana tsoron tsawa, wani yana haushi idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani kuma lafiya lau yake amma ba ya son aikin, da an juya baya ya kwanta. A gidan kowa waɗannan karnukan kirki ne, ba wanda zai ga aibinsu. Amma ka ɗauki karen da ke zabura idan ya ga mage, ka ɗaura igiyarsa a keken mutumin da ba zai iya tare kansa ba idan ya kife, a bakin titi. Shi ya sa ake sallamarsa. Yawanci wanda ya raine shi ake fara yi wa tayi, wasu kuma su sauya aiki, su koma binciken miyagun ƙwayoyi ko neman waɗanda suka ɓace, inda zafin nan da ya kayar da su ya zama abin so.

A ganina wannan sallama ita ce gadon bayan aikin baki ɗaya. Ƙungiyar da ke rayuwa da gudummawa tana da kowane dalili na ta sassauta, domin kowane karen da aka yaye adadi ne da za a nuna wa masu ba da kuɗi, ga kuma mutane na jira suna kira. Ta ce wa karen da aka kashe wa dubban daloli bai isa ba, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, kuma shi ne abin da ya sa mai lalura ke iya sakin jiki da wanda aka ba shi.

Mako biyu

Shi ma mutumin sai an tantance shi. Ya cike takarda, a yi hira da shi ta waya, likitansa ya rubuto bayani, a gayyace shi a gan shi ido da ido. Ana duba ko kare zai amfane shi da gaske, ko yana da halin ciyar da shi da kai shi asibiti, ko akwai wanda zai taimaka idan ya kwanta ciwo. Sannan ya shiga layin jira, wanda yakan kai shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Ba wanda ya riga zuwa ne ke fara samu ba, sai an sami karen da ya dace da shi.

Idan lokaci ya yi, sai a kira rukuni guda su zo cibiya su tare na mako biyu, masauki kyauta. Kwanakin farko kowa zai gwada karnuka daban-daban, masu horarwa na gefe suna lura: wannan muryarta siririya ce, wane kare ne ke jin ta? Wancan kekensa na da sauri, wane ne takunsa ya yi daidai? Wane kare ne ke yawan waiwayen wane mutum? Mutum ba ya zaɓar karensa, su ke haɗawa. Daga nan sai karatu na gaske, har da jarrabawar rubutu: yadda ake ba da umarni sau ɗaya ba a maimaitawa, yadda ake yabo a daidai lokacin da ya kamata, yanke farce, goge haƙora, gane alamar ciwo, da haƙƙin da doka ta ba su. A fita kasuwa da gidan abinci a gwada. Mutane da yawa wannan mako biyun yakan gajiyar da su matuƙa, musamman wanda ya saba a yi masa komai, yau ga shi an ce shi ne shugaba, wata halitta na jiran umarninsa.

Ranar yaye, a gaban jama'a, wanda ya raini karen yakan hau dandamali ya miƙa igiya ga sabon mai shi. 'Yar riga ruwan ɗorawa ta riga ta koma shuɗiya.

Kuɗi da mallaka

Ana ƙiyasta cewa kare ɗaya, daga haihuwa zuwa ƙarshen aikinsa, yakan ci sama da dala 50,000. Mai lalura ba ya biyan ko ɗaya daga ciki, nasa shi ne abinci da kuɗin likita bayan ya karɓa. Kuɗin daga gudummawar ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni da gidauniyoyi suke fitowa, kuma da a ce za a biya 'yan sa kai ladan wahalarsu, da lissafin ya wuce haka nesa. Bayarwa kyauta na da muhimmanci, domin naƙasa da talauci sukan zo tare ko a Amurka. Da sayarwa ake yi, da waɗanda suka fi buƙata su ne za su rasa.

Akwai wani sharaɗi da ba kowa ke jin daɗinsa ba: muddin kare na aiki, mallakar ƙungiya ne. Tana bibiya, tana sake jarraba su lokaci zuwa lokaci, kuma idan ta ga ana wulaƙanta shi, ko an bar shi ya yi ƙibar da za ta lalata masa gaɓoɓi, tana da ikon karɓe abinta. Wasu masu fafutukar haƙƙin naƙasassu na ganin wannan a matsayin sa ido a kan baligi, kamar ba a yarda zai iya riƙe amanarsa ba, kuma ƙorafin yana da tushe, domin mutanen nan sun gaji da a riƙa yanke musu hukunci. Duk da haka na fi karkata ga ƙungiyar. Kare ba keke ba ne da za a ajiye a lungu, rai ne da shi, ba shi kuma da bakin kai ƙara. Bibiyar nan ita ce kuma ke sa idan lalurar mutum ta ƙaru, a zo a koya wa karen sabon aiki. Bayan shekara takwas zuwa goma kare yakan yi ritaya, sau da yawa ya ci gaba da zama a gidan a matsayin ɗan gida, mai shi kuma ya nemi magaji.

Doka, da masu rigar bogi

Duk wannan horo ba zai yi amfani ba idan mai gadi zai tare kare a ƙofa. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli, 1990, ita ta buɗe wa waɗannan karnuka ƙofar kantuna da otal-otal da asibitoci. Ƙa'idojin da suka fara aiki a Maris 2011 sun fayyace cewa karen aiki shi ne wanda aka horar ya yi wani takamaiman abu saboda lalurar mai shi. Mai kanti tambaya biyu kawai aka yarje masa: shin wannan karen aiki ne da ake buƙata saboda naƙasa, kuma wane aiki aka koya masa? Ba zai nemi takarda ba, ba zai tambayi ciwon mutum ba. Yana da ikon fitar da kare idan ya gagari mai shi ko ya ɓata wuri.

An yi haka ne don a kare mutuncin mai lalura, kada ya riƙa bayanin ciwonsa a kowace ƙofa. Sai dai wasu sun mayar da wannan sauƙi hanyar cuta. Riga irin ta karen aiki ana sayenta a intanet da 'yan daloli, har da takardar shaida marar tushe. Mutum ya sa wa karensa na gida ya shiga da shi gidan abinci, kare ya yi haushi, ya yi fitsari, ko ya far wa karen aiki na gaske. Wanda aka far wa yana iya tsorata har ya kasa komawa aiki, shekara biyu na wahala ta tafi a banza. Mai kantin da aka taɓa yi wa haka kuwa, gobe da ido ɗaya zai kalli mai lalura na gaskiya. Canine Companions ta daɗe tana yaƙi da wannan. A Kalifoniya, yin ƙaryar cewa karenka na aiki ne laifi ne da ke iya jawo ɗaurin wata shida ko tarar dala 1,000. A jiragen sama abin ya yi ƙamari har a Janairun 2018 wata fasinja ta zo filin jirgin Newark da ɗawisu tana cewa na kwantar mata da hankali ne, kamfanin ya hana. A ƙarshen 2020 ma'aikatar sufuri ta sauya ƙa'ida, ta daina tilasta wa kamfanonin jirage ɗaukar dabbobin rarrashi a matsayin dabbobin aiki.

Mai karatu Musulmi zai yi tambaya a nan, kuma tambayar a kan hanya take, domin a wurinmu kare na farauta ne da gadi da kiwo, ba ya shiga ɗaki. Alƙur'ani a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ya halatta abin da dabbobin farauta da aka horar suka kamo, hadisi kuma ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona daga hanin ajiye kare. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sauran mazhabobi kuma sun fi tsanantawa a kan yawunsa. Musulmin Birtaniya sun fuskanci batun kai tsaye: a 2008 wata majalisar malamai ta ƙasar ta ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho damar zuwa masallaci a Leicester da karensa na jagora, aka keɓe wa karen wuri dabam, ba cikin inda ake salla ba. Hukuncin wannan na malamai ne. Abin da na sani shi ne, aikin da kare ke yi a can, a garuruwanmu yaro ne ke yin sa, ɗan jagora ko mai tura keke, kuma sau da yawa karatunsa ne ke biyan kuɗin.

Abin da ƙungiyar ba ta warware ba

Masu nema sun fi karnuka yawa, kuma ba a iya gaggauta shekara biyu. Hanya mafi kusa ta rage jira ita ce a rage yawan waɗanda ake sallama, wato a gane tun da wuri wane kwikwiyo ne zai kai, kafin a kashe masa kuɗi da lokaci. Shi ya sa ƙungiyar ta buɗe wa masu bincike ƙofa, kuma da yake tana riƙe da tarihin zuriyar karnukanta na shekaru da dama, ta zama wurin da ya fi dacewa da irin wannan nazari.

A 2021 Emily Bray da Evan MacLean na Jami'ar Arizona da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa 'yan kwikwiyo 375 na ƙungiyar, masu kimanin mako takwas, waɗanda ba su riga sun bar 'yan uwansu ba. A kife kofi biyu, a ɓoye abinci a ƙarƙashin ɗaya, mutum ya nuna shi da yatsa. An manna ɗan abinci a cikin kofunan duka biyu don kada hanci ya ba da amsa. 'Yan kwikwiyon sun bi yatsa daidai kusan sau biyu cikin uku, tun daga gwajin farko, ba tare da an koya musu ba. Fiye da kashi 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakaninsu a wannan fanni kuma gado ne. Ga mai kiwo wannan babban labari ne, domin yana nufin ana iya zaɓen iyaye da wannan hali. Kafin nan, a 2017, Gregory Berns na Jami'ar Emory ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu karnukan ƙungiyar suna farke a cikin na'ura, ya ga cewa waɗanda sashen tsoro da zabura na ƙwaƙwalwarsu ya fi motsi sun fi faɗuwa a horo.

A ɓangaren tsofaffin sojoji ma an sami ci gaba. Ma'aikatar kula da su ta gudanar da bincike na shekaru, Canine Companions na cikin waɗanda suka ba da karnuka, sakamakon da ya fito a 2021 kuma ya nuna cewa masu karen aiki sun fi samun sauƙin alamomin firgici a kan waɗanda aka ba karen rarrashi kawai. A watan Agustan 2021 aka sa hannu a dokar da ta umarci ma'aikatar ta gwada shirin da sojojin da kansu za su shiga horar da karnuka. Hakan ya ƙara wa aikin daraja a idon hukuma, ya kuma ƙara yawan masu nema. Gwaje-gwajen masana sun fi iya nuna karen da tabbas zai faɗi da wanda tabbas zai ci, na tsakiya kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, har yanzu sai an raine su wata 18 an kai su cibiya kafin a san inda suka dosa. Saboda haka a kowace shekara ƙungiyar na neman ɗaruruwan sababbin gidajen da za su karɓi ɗan kwikwiyo, kuma yawan waɗanda suka amsa shi ke ƙayyade yawan mutanen da za a kira mako biyun nan bayan shekara biyu.